Buba Galadima: Daga ƙirga wa Buhari ƙuri'a zuwa fashin baƙi, da abin da mai sauraro a Ribah ke ji

Ranar 4 ga watan Yulin 2018, Injiniya Buba Galadima ya zauna gaban 'yan jarida a Abuja ya sanar da cewa wani ɓangare na jam'iyyar APC mai mulki ya ɓalle, kuma shi ne shugaban ɓangaren da suka raɗa wa suna R-APC. Ya zargi gwamnatin Muhammadu Buhari da gazawa da rashin alƙibla. Da wani ɗan adawa ne ya faɗi haka, da labarin bai kwana biyu ba. Abin da ya ba maganar nauyi shi ne mai faɗinta, mutumin da ya shafe sama da shekara goma yana cikin 'yan tsirarun da ke rufe ƙofa su tsara yadda za a kai Buhari fadar shugaban ƙasa.

Tun daga lokacin, da wuya wata ya wuce ba a ji muryarsa ba. Yau yana sashen Hausa na BBC, gobe yana Arise ko Channels yana zuba Turanci, jibi an yanko wani ɓangare na hirarsa ana yaɗawa a Facebook da TikTok.

A Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu da ke masarautar Zuru, muryar kan iso ta hanya biyu. Dattawa na jin ta a rediyo da safe ko bayan magariba. Matasa kuwa a waya suke samunta, guntun bidiyo na minti ɗaya da wani ya turo a WhatsApp, a kalla a teburin mai shayi ko a tashar 'yan kabu-kabu, a yi ta musu a kai har a tashi. Mutane na son jin sa, saboda yana magana da Hausar da ba ta buƙatar tafinta, kuma ba ya tauna kalma.

Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba. Idan mutumin da sana'arsa ita ce cin zaɓe ya zauna a kujerar mai sharhi, bayani yake yi mana ko kuwa kamfe ne ya ci gaba da wata riga? Ga mutumin Ribah da ke da ƙuri'a ɗaya kuma zaɓen 2027 na tafe, wannan ba tambayar 'yan boko ba ce.

Aikin da ba a yi a kan dandamali

Buba Galadima ɗan Gashuwa ne a Jihar Yobe. Ya halarci taron tsara kundin tsarin mulki na 1994 zuwa 1995, sannan ya shugabanci hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta ƙasa daga 1996 zuwa 1998, zamanin Janar Sani Abacha. Amma abin da ya sa sunansa ya shiga kowane gida a Arewa ya faro ne a 2002, shekarar da Buhari ya yanki katin jam'iyyar APP, wadda ta koma ANPP mai alamar masara. Buba na cikin waɗanda suka tsaya a ƙungiyar yaƙin neman zaɓen Janar ɗin, wato TBO, tare da irin su Sule Yahaya Hamma. A 2004 jami'an tsaro sun tsare shi lokacin da 'yan adawa ke shirin zanga-zangar nuna ƙin jinin gwamnatin Olusegun Obasanjo. Shi kansa yakan ce an sha kulle shi saboda Buhari.

Yawancinmu idan aka ce kamfe, abin da ke zuwa mana a rai shi ne filin taro, mawaƙa, ayarin motoci da atamfa mai hoton ɗan takara. Wannan shi ne ɓangaren da ake so mu gani. Aikin mai tsara dabara lissafi ne, kuma lissafin ba shi da daɗin ji.

Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce ba ya wadatarwa ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa yawan ƙuri'a. Dole ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24. Don haka ƙuri'a miliyan guda a Kano ba za ta rufe giɓin Ebonyi ba. Mai tsara dabara yana kwana yana tashi da wannan taswira a kansa: ina za mu ci, ina za mu tsira da kashi 25, ina ne ba sai mun ɓata man mota ba.

Sai kuma batun rumfuna. Tun daga 2021 Najeriya na da rumfunan zaɓe 176,846 a mazaɓu 8,809 cikin ƙananan hukumomi 774. Kowace rumfa na buƙatar wakilin jam'iyya, wanda aka fi sani da ejan, da zai tsaya har a gama ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin takardar sakamako. A ƙaddara naira dubu goma kacal za a ba kowane ejan, kuɗin ya haura naira biliyan 1.7, alhali Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙayyade cewa kada ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe sama da biliyan 5 a kamfe baki ɗaya. Ba a yi maganar wanda zai raka takardar zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa ba, daga nan zuwa ƙaramar hukuma, inda tsofaffin 'yan siyasa za su gaya maka cewa a nan ne alƙaluma suka fi canza kama. Taken nan na magoya bayan Buhari, "a kasa, a tsare, a raka", daga wannan darasi ya fito.

Wanda ya yi wannan aiki sau huɗu a matakin ƙasa ya san abubuwan da farfesan kimiyyar siyasa bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wannan ne jarin da Buba Galadima ya shigo da shi ɗakin watsa shirye-shirye, kuma jari ne na gaske.

Darasin 2011

Idan ana son a fahimci mutumin, a duba zaɓen 2011, domin a nan ne ya fi riƙe sitiyari. Buhari ya bar ANPP ya koma sabuwar jam'iyyar CPC mai alamar alƙalami a 2010, Buba Galadima ne sakatarenta na ƙasa, Tony Momoh kuma ya zama shugaba. Jam'iyya ce da ba ta da gwamna ko ɗaya, ba ta da kuɗin kirki, ba ta da ofisoshi a wurare da dama. Abin da take da shi kawai shi ne farin jinin mutum guda.

Da wannan kaɗai Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 12.2, ya lashe jihohi 12, dukkansu a Arewa, har da Kebbi. Goodluck Jonathan ya samu miliyan 22.5. Ko da a ce alƙaluman sun juya, Buhari bai kusanci sharaɗin jihohi 24 ba, saboda Kudu ta rufe masa ƙofa. An yi ƙoƙarin ƙulla ƙawance da ACN ta Bola Tinubu, amma maganar ta watse ana saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe, a kan batun kujerar mataimaki da Fasto Tunde Bakare ke riƙe da ita.

Abin da ya fi ciwo ya zo ne a zaɓen gwamnoni. Cikin jihohi 12 da Buhari ya ci, CPC ba ta samu gwamna ko ɗaya ba. A Kebbi, Sa'idu Ɗakingari na PDP ya koma kujerarsa. A Kano rikici ya ɓarke tsakanin ɓangaren Mohammed Abacha da na Lawal Jafaru Isa kan wane ne ɗan takara, Rabi'u Kwankwaso ya wuce ta tsakiya. A Katsina, mahaifar Buhari, aka yi ta shari'a tsakanin Yakubu Lado Ɗanmarke da Aminu Bello Masari, Ibrahim Shema ya zarce. Kujerar gwamna ɗaya tilo da jam'iyyar ta samu ita ce ta Nasarawa, inda Umaru Tanko Al-Makura ya yi nasara, jihar da Buhari ma bai ci ba.

'Yan jam'iyya da dama sun ɗora laifin a kan shugabannin uwar jam'iyya, har da sakatare, kan yadda aka tafiyar da zaɓukan fitar da gwani. Bayan zaɓen aka kafa kwamitin sabunta jam'iyya ƙarƙashin Nasir El-Rufa'i. Ana iya cewa daga nan ne sababbin fuskoki suka fara matsowa kusa da Janar, tsofaffin kuma suka fara ja baya.

Na tsaya a kan 2011 ne saboda wani dalili. A cikin hirarrakin da ake yi da Buba Galadima, an fi tambayarsa yadda suka yi da Buhari, wa ya ci amanar wa. Ba kasafai ake zaunar da shi a ce ya yi bayanin yadda jam'iyya za ta ci jiha a zaɓen shugaban ƙasa, bayan kwana goma ta faɗi a zaɓen gwamna a jihar ba. A ganina wannan ce hirar da ta fi kowace amfani ga matashin da ke son shiga siyasa, kuma 'yan jarida ne suka bar ta a ƙasa, domin rigima ta fi kawo masu kallo.

Lissafin 2011 ne ya haifi APC. An sanar da haɗewar CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA a watan Fabrairun 2013, INEC ta yi mata rajista ranar 31 ga Yuli na shekarar. Buba yakan tuna wa mutane cewa yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar haɗewar. A 2015 Buhari ya samu miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8. Ƙarin da aka samu a kan tsohuwar miliyan 12 ɗin ya fito ne daga Kudu maso Yamma da Arewa ta Tsakiya da kuma gwamnonin PDP da suka sauya sheƙa.

An ci zaɓe, ba a kira shi ba

Gwamnati ta kafu, aka raba muƙamai, babu sunan Buba Galadima. Masu sukarsa na cewa daga nan ne bakinsa ya buɗe, da an ba shi minista da ba a ji shi ba. Shi kuma yana cewa ba muƙami ne ya raba su ba, alƙawuran da aka yi wa talakawa ne ba a cika ba. Mai sauraro ba shi da na'urar auna zuciya, kuma ba dole ba ne ɗaya ta kore ɗaya. Mutum na iya jin haushi kuma ya faɗi gaskiya.

Bayan R-APC sai ya zama ɗaya daga cikin masu magana da yawun kwamitin yaƙin neman zaɓen Atiku Abubakar a 2019. Da INEC ta ce Buhari ya samu miliyan 15.1, Atiku miliyan 11.2, aka tafi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, Buba ne shaidar farko da ɓangaren Atiku ya gabatar. Ɗaya daga cikin hujjojin ƙarar ita ce Buhari ba shi da takardar makarantar da ta cancanta ya tsaya takara, ga shi kuma shaidar farko shi ne mutumin da ya tallata wannan ɗan takara a zaɓuka huɗu. Kotun ta yi watsi da ƙarar a watan Satumba, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Oktoba.

A 2022 ya bi Kwankwaso zuwa NNPP, wadda a lokacin take da alamar kwandon kayan marmari. Yana cikin waɗanda suka riƙa fitowa suna bayyana wa jama'a dalilin da ya sa tattaunawar haɗa kai da Peter Obi ta rushe, kowane ɓangare ya ƙi yarda ya zama mataimaki.

Wato a shekara ashirin, murya ɗaya ta tallata mutum uku: Buhari, Atiku, Kwankwaso. A kowane zango, da yaƙini ɗaya take magana.

Ba a Najeriya aka fara ba

Wannan hanya daga ɗakin kamfe zuwa gidan talabijin tsohuwa ce a Amurka. James Carville, wanda ya tsara nasarar Bill Clinton a 1992, ya koma mai sharhi a CNN. Abokin aikinsa George Stephanopoulos ya zarce gaba ɗaya ya zama mai gabatar da shiri a ABC. David Axelrod ya fara ne a matsayin ɗan jarida a Chicago Tribune, ya zama babban mai tsara dabarun Barack Obama, sannan ya dawo sharhi a CNN a 2015. Labarin Axelrod ya ɗan taɓo mu, domin kamfanin da ya kafa, AKPD, ya yi wa APC aikin ba da shawara daga ƙarshen 2013 zuwa 2014, ko da yake shi ya riga ya sayar da hannun jarinsa tun 2009.

Can ma ba a tsira daga matsalar ba. Daren zaɓen 2012, gidan talabijin na Fox News ya sanar da cewa Obama ya ci jihar Ohio, wanda ke nufin ya ci zaɓe. Karl Rove, tsohon mai tsara dabarun George W. Bush da ke zaune a matsayin mai sharhi, ya ƙi yarda, ya ce an yi gaggawa. Sai da mai gabatarwa Megyn Kelly ta tashi da kyamara a bayanta ta je ɗakin masu lissafi ta tambaye su kai tsaye, suka ce suna kan bakansu. Rove na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da ta zuba miliyoyin daloli don a kayar da Obama a wannan zaɓe. A 2016 kuma CNN ta rabu da Donna Brazile, wadda ta jagoranci kamfen ɗin Al Gore a 2000, bayan wasu saƙonnin imel da aka fallasa sun nuna ta tsegunta wa ɓangaren Hillary Clinton tambayoyin da za a yi mata.

Bambancin shi ne a can gidan talabijin na ɗaukar irin waɗannan mutane da kwantiragi yana biyansu, don haka yana iya sallamar wanda ya saɓa ƙa'ida. A nan galibi baƙo ne ake gayyata, ba albashi, ba kwantiragi. Wanda ba gidan jarida ne ke ciyar da shi ba, ba gidan jarida ne zai ja masa kunne ba. Shi ya sa a Najeriya kujerar sharhi ba wurin ritaya ba ce, zaure ne da ake zama kafin a sake kiran mutum cikin gida.

Misalai ba su da wuyar samu. Dakta Hakeem Baba-Ahmed ya yi sakataren INEC, ya riƙe shugabancin APC a Kaduna, ya yi shugaban ma'aikatan Bukola Saraki, ya zama kakakin Ƙungiyar Dattawan Arewa, a 2023 ya karɓi muƙamin mai ba da shawara kan siyasa a ofishin Kashim Shettima, a 2025 ya ajiye ya dawo bakin makirufo. Hajiya Naja'atu Muhammad darakta ce a kwamitin kamfen ɗin Tinubu har zuwa Janairun 2023 da ta yi murabus ana saura makonni a yi zaɓe, ta zama ɗaya daga cikin masu sukarsa mafi zafi. Daniel Bwala ya yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren, daga kakakin Atiku a 2023 zuwa mai ba Tinubu shawara a Nuwamban 2024.

A ƙasa da waɗannan manya akwai sojojin baka, waɗanda gidajen rediyo masu zaman kansu suka ba dama tun bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 da shirye-shirye irin su Kowane Gauta. Su ba sa ɓoye ubangidansu, kuma ta wannan fuska sun fi wasu masu babbar riga gaskiya.

Gwamnatoci kan so su magance abin da bulala. A Maris ɗin 2023 hukumar NBC ta ci tarar Channels naira miliyan 5 saboda hirar da aka yi da Datti Baba-Ahmed. A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. Ban ga yadda wannan zai taimaki mai sauraro ba. Kusan duk mai mulkin da ke son rufe bakin mai sharhi a yau, da wannan makirufon ya hau.

Minti ɗaya da babu suna, babu kwanan wata

Gidajen jarida na ƙwarai kan gabatar da baƙo yadda ya kamata. Za su ce jigo a jam'iyya kaza, ko tsohon kakakin wane. Matsalar na faruwa ne bayan hirar ta bar hannunsu. Wanda ya yanko daƙiƙa hamsin don TikTok ba ya ɗauko gabatarwar, ba ya ɗauko tambayar da aka yi, ba ya sa ranar da aka yi hirar. Sai ka ga maganar da aka yi a 2019 a kan wata gwamnati tana yawo yau kamar jiya aka faɗe ta a kan wata. A wurin da data ke tsada kuma sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mutane kaɗan ne za su je neman cikakkiyar hira ta minti arba'in.

Ga shi kuma kafofin da ke tace labari suna raguwa. A Maris ɗin 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ke watsa shiri tun 1979, ya yi shiru bayan umarnin Shugaba Donald Trump. Ga manomin da rediyo ce jaridarsa, an rage masa wuri ɗaya da zai gwada maganar wani da ta wani.

Abin da na lura shi ne irin su Buba Galadima na da ƙarfi matuƙa idan suna bayanin yadda abu ke faruwa: yadda ake sayen daliget, yadda ake ƙulla ƙawance da yadda yake warwarewa, abin da gwamna ke iya yi a daren zaɓe. A nan mai sauraro ya buɗe kunne. Amma da zarar an zo kan wa zai ci, ko wa talakawa ke so, to mai magana ya koma bakin aikinsa na asali. Mai tsara dabara ba zai taɓa fitowa rediyo ya ce ɗan takararsa na uku zai zo ba, ko da takardar da ke aljihunsa ta nuna haka. Faɗin cewa za a ci wani ɓangare ne na neman ci.

Arewar da ake faɗa da Arewar da ake zaune

Akwai wani abu kuma da mutumin ƙasar Zuru zai fi kowa lura da shi. Idan masu sharhin Abuja suka ce "Arewa", suna magana ne kamar buhu ɗaya na ƙuri'a da za a ɗauka a kai wa wani. Wannan harshen masu lissafi ne, kuma ya samo asali ne daga waccan miliyan 12 ta Buhari. Amma a Danko/Wasagu da Sakaba da Fakai da Zuru akwai Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista, wani lokaci a gida ɗaya. Ƙasa ce da ta ba Najeriya manyan hafsoshin soja irin su Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991 ba a taɓa zaɓen gwamna daga wannan masarauta ba, kuma duk gwamnonin da aka yi daga 1999 zuwa yau daga masarautar Gwandu suka fito. Wannan na cikin abin da ke rura neman Jihar Kainji tare da Kontagora da Borgu. Da wuya ka ji an tattauna wannan a shirin safe na Legas ko Abuja.

Sunan yankin kan fito ne idan jini ya zuba. A Janairun 2022 aka kai hari Dankade. A Maris na shekarar aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da 60, bayan kwanaki kaɗan aka far wa tawagar mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a Kanya, jami'an tsaro da dama suka rasa rayukansu. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris da kansa ya fito yana tambayar wanda ya ba da umarnin janye sojojin da ke gadin makarantar jim kaɗan kafin harin.

A makon da abin ya faru kowane mai sharhi ya ambaci Maga. Na adawa ya ce ga shaidar gazawar gwamnati, na gwamnati ya ce ga shaidar ƙoƙarinta da aka sako yaran bayan kusan mako guda. Kowa ya ɗauki abin da zai yi masa amfani a 2027 ya wuce. Tambayoyin da mutumin da ya san cikin gwamnati zai iya taimakawa a kansu, kamar yadda ake yanke shawarar tura soja ko janye shi, da yadda ake kashe kuɗin tsaro na jiha, da abin da ke sa aikin hanya irin ta Koko zuwa Dabai ya shafe shekaru ana alƙawari, ba su samu minti biyar ba. Laifin ba na baƙon kaɗai ba ne. Mai tambaya ne ke riƙe da linzami.

Masu zaɓe a Kebbi kuwa sun nuna ba buhu ɗaya ba ne. A Fabrairun 2023 Atiku ya ci jihar da ƙuri'a 285,175, Tinubu ya samu 248,088. PDP ta kwashe kujerun sanata uku: Adamu Aliero ya kayar da gwamna mai ci Atiku Bagudu, a Kebbi ta Kudu kuma Garba Musa Maidoki ya kayar da Bala Ibn Na'Allah. Bayan makonni, waɗannan masu zaɓe suka ba Nasir Idris na APC kujerar gwamna da ƙuri'a 409,225, Janar Aminu Bande na PDP ya samu 360,940. A Mayun 2025 sanatocin uku suka koma APC tare, ba tare da an sake tambayar masu ƙuri'a ba.

Shi kuwa Kwankwaso, wanda Buba Galadima ya yi watanni yana gaya wa duniya cewa shi ne zai ba da mamaki, ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi a faɗin ƙasa, kusan miliyan guda daga ciki daga Kano. A duk ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, inda ake sauraron Injiniyan ana jinjina masa, abin da NNPP ta samu bai kai ƙuri'a dubu goma ba.